"Ya shiga" daban, "ya zauna" daban: abin da haƙoran shaf suka koya mini

Da hantsi Alhaji ya shigo shagonmu riƙe da wani abu a naɗe cikin tsumma. Injin tonon burtsatse gare shi, ya baro shi tsaye a wani ƙauye, rami ya yi rabi, ma'aikata suna zaune ana ciyar da su ba aikin fari ba na baƙi. Ya warware tsumman a kan tebur. Shaf ne na famfon hadurolik, tsawonsa bai kai taƙi ba, kaurinsa kamar babban yatsan ƙafa. Haƙoran da ke bakinsa sun cinye, 'yan ragowar sun kwanta gefe guda kamar dawar da iska ta bi ta kanta.

"Injiniya, na zaga kasuwa ban samu ba. An ce in aka yi oda sai ya yi wata guda a hanya. Kai kuma an ce kana da injin kwamfuta."

"Ranka ya daɗe, ka turo yaro jibi."

Ko tunani ban yi ba na yanka masa rana. A lokacin injin sassaƙar ƙarfe mai kwamfuta, wanda ake kira CNC, bai daɗe da zuwa hannuna ba, kuma ina ji da kaina. Na shafe shekaru ina murza injin hannu, sai ga wanda zan rubuta wa lamba ya bi ta ba musu. Gani nake babu abin da zai gagare mu, ni da shi.

Na ƙirga haƙoran, 13 ne. Na ɗora kalifa a kan faɗin, ya ba ni wajen milimita 22. Na ɗauki wuƙar yanka na wasa bakinta a dutse, ina gwadawa a tsakanin haƙoran tsohon shaf ɗin ina ɗagawa a haske, har na ga ta cike gurbin. Na zaro ƙarfen da ke kusa da hannuna, na sassaƙe shi, na yanke haƙora. Da na kawo macen da shaf ɗin ke shiga cikinta, sai ta zura ba gardama. Na ce wa yara, "Ya shiga." Aka biya ni, aka yi mini godiya har da ƙarin kuɗin shayi.

Kwana tara tsakani Alhaji ya dawo da kansa. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya jera shaf biyu a kan tebur, tsohon da nawa, ya ce, "Wannan ya yi shekaru kafin ya mutu. Naka ko mako biyu bai yi ba, kuma ya tafi mini da macen." Haƙoran da na yanka sun share fes, kai ka ce ba a taɓa yin su ba.

Ranar Asabar na hau mota zuwa Kaduna wurin Baba, dattijon da ya koya mini aiki, mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ɗakunan gyaran injuna na masaƙun Kakuri. Abin da zan faɗa a nan, rabi daga bakinsa na ji, rabi kuma ƙarfen da na ɓata daga baya ne ya karantar da ni.

Kowane haƙori da sunansa

Baba ya juya shaf ɗin a hannunsa, ya tambaye ni, "Ka ƙirga, ka auna. To, mene ne sunansa?" Na yi shiru, don ban san haƙori yana da suna ba.

Waɗannan haƙora na bakin shaf, da masu aikin ke kira sifilain, kowa ya san su ko da bai san sunansu ba. Su ne a bakin shaf ɗin ƙafar mota, su ne a bayan tarakta inda ake jona injin huɗa ko na casa, danginsu ne kuma a sandar kik ɗin babur, waɗanda in sun cinye sai ka yi ta bugawa ƙafa na wucewa a banza. Aikinsu su ɗauki ƙarfin juyi daga namiji su miƙa wa mace ba tare da zamewa ba. Amma ba a yin su da ka. Kowace ƙasa mai ƙera injuna tana da littafin ƙa'idarta. Amurka tana da ANSI B92.1, mai lissafi da inci. Jamus tana da DIN 5480, mai lissafi da milimita da abin da ake kira modul. Akwai ISO 4156 na ƙasa da ƙasa. Japan kuma tana da tsohon tsarinta na motoci, JIS D 2001, wanda kusurwar matsin haƙorinsa digiri 20 ce, alhali na Jamus 30 ne, na Amurka ma mafi yawa 30 ne, ko da yake akwai 37.5 da 45.

Shaf ɗin Alhaji ɗan Amurka ne, daga jerin da masu famfon hadurolik suka sani da SAE. SAE A haƙora 9 gare shi. Mai bi masa, SAE B, haƙora 13 a kan shaf mai kauri bakwai bisa takwas na inci, ficinsa 16/32. Sai SAE C, haƙora 14, fici 12/24. Lambar farko a 16/32 ita ke faɗin girman haƙorin: ka raba 13 da 16, ka sami faɗin da'irar da haƙoran namiji da na mace suke haɗuwa a kanta, wato inci 0.8125, ko milimita 20.64. Lamba ta biyu tana nuna cewa haƙorin gajere ne, tsayinsa rabin na haƙorin giya mai wannan fici.

Ga inda tarkon yake. A tsarin Jamus ma ana samun shaf mai haƙora 13, modul 1.5, wanda faɗinsa na waje ya kusa milimita 22. Fici 16 kuwa in ka mayar da shi modul, 1.5875 ne. Ka ɗora kalifa a kan tsohon shaf da ya sha aiki, ba za ka bambanta su ba, amma in ka haɗa namijin wannan da macen wancan, ko dai ya ƙi shiga ko ya shiga ya yi ɓarna. Kama da wane ba ta wane. Tun daga ranar, kafin in taɓa inji sai na tambayi wace ƙasa ce ta ƙera abin, na nemi lambar da ke jikin famfon, na buɗe littafin ƙa'ida. Tsohon shaf shaida ne kawai, kuma shaidar da ta tsufa. Wanda ya wasa wuƙa a kan haƙorin da ya cinye, cinyewar ya kwafa.

Gwangwani da zare

Kuskurena na biyu ya fi na farko girma. Gefen haƙoran da na yanka a miƙe yake sambal, domin abin da dutsen wasawa ke iya bayarwa ke nan. Na asali kuwa a lanƙwashe yake, lanƙwasa ta musamman da ake kira imbolut.

Baba bai buɗe mini littafi ba. Ya aiki jikansa ya kawo gwangwanin madara da zare da fensir. Ya kifa gwangwanin a kan takarda, ya naɗe shi da zaren, ya ɗaure fensir a bakin zaren, sannan ya shiga warwarewa a hankali yana jan zaren a miƙe. Fensirin ya zana layi da ya taso daga jikin gwangwanin yana buɗewa kamar ƙahon rago. "Wannan ɗan guntun na farko," in ji shi, yana nuna inda layin ya baro gwangwanin, "shi ne gefen haƙorinka. Gwangwanin nan kuma shi ne da'irar tushe."

Daga baya na karanta cewa Leonhard Euler, masanin lissafin nan ɗan Suwizalan, tun ƙarni na 18 ya bayyana dacewar wannan lanƙwasa da haƙoran giya. Amfaninta a sifilain ya bayyana ga duk wanda ya riƙe shaf a hannu. Haƙorin yana da kauri a gindi, inda karaya ke farawa. Sannan idan kaya ya hau, gangaren gefen yana tura shaf ɗin ya nemi tsakiyar macen da kansa, haƙora da yawa su raba nauyin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Nawa kuwa, da yake gefensa a miƙe yake, bakin haƙori kawai ke taɓa macen, a haƙora uku ko huɗu. Duk ƙarfin injin ya taru a kan 'yan ɗigo-ɗigon nan, suka lotse, wasa ya shiga tsakani, kowane tashin famfo ya zama bugun guduma.

Akwai wani abu da gwangwanin ya ƙara koya mini. In ka canza girman gwangwani, lanƙwasar ta canza. Faɗin da'irar tushe kuwa ya dogara ne da yawan haƙora da fici da kusurwar matsi. A shaf ɗinmu milimita 17.87 ne. Saboda haka wuƙar da aka yi wa siffar gurbin haƙora 13 ba ta yanka haƙora 9 daidai, ko da ficinsu ɗaya. Haka nan wuƙaƙen yankan giya masu lamba 1 zuwa 8, da ake samu a tsofaffin shaguna, ba su da hurumi a nan: an yi su ne don digiri 14.5 ko 20, da dogon haƙori.

Hanya ta bi abin da injinka ke iyawa

Kamfanonin motoci galibi ba sa ma yanka irin waɗannan haƙora a ƙananan shaf, murza su suke yi. Ana matse ƙarfen a sanyi tsakanin faranti biyu masu haƙora, cikin 'yan daƙiƙoƙi siffa ta fito, kuma ta fi yankakkiya ƙarfi don ba a tsinka jijiyar ƙarfen ba. Wannan na mai yin dubbai ne. Mu masu yin ɗaya ko goma, hanyoyi uku ne a gabanmu.

Mafi inganci ita ce hob, wata wuƙa mai kama da katon sukuru da aka tsattsaga. Tana juyawa shaf na juyawa, a lissafe: hob mai zare ɗaya ta zaga sau 13, shaf ya zaga sau ɗaya. Haƙoranta a miƙe suke, juyin biyun ne ke haifar da lanƙwasar, shi ya sa hob ɗaya ke yanka kowane adadin haƙora muddin fici da kusurwa ɗaya ne. Sai dai tana bukatar injin da ke iya ɗaure juyin wuƙa da na shaf wuri guda, da mariƙin da ake karkatarwa daidai karkatar zaren hob ɗin. Nawa injin ba shi da wannan.

Ta biyu ita ce wuƙa mai juyawa da aka yi wa siffar gurbin, ta bi tsawon shaf ta fitar da gurbi ɗaya, a juya shaf, ta fitar da na gaba. Ta uku, wadda na zauna a kanta, ita ce ta turawa. Wuƙa ba ta juyawa, shaf ma a tsaye yake, an kulle shi a kusurwar da ake so ta hanyar abin da ake kira aksis C. Wuƙar ta tafi gaba ta kankare ɗan siriri, ta ɗaga, ta dawo, ta ƙara nutsewa, ta sake tafiya, kamar manomi na bin kunya. Zurfin haƙorin bai kai milimita 2 ba, amma da yake 0.05 nake ci a kowace tafiya, gurbi ɗaya yana cin tafiya sama da 30, shaf ɗin duka sama da 400. Hanya ce mai cin lokaci, kuma tana wahalar da inji, domin ba don dukan turi aka ƙera shi ba. Ga guda biyar ko goma ta wadatar. Wanda ya kawo mini ɗari biyu, ina gaya masa gaskiya ya nemi mai hob.

Wuƙar kuma na daina wasa ta da hannu. Ko dai in yi odar bakin kabaid da aka ƙera don wannan fici da wannan adadin haƙora, ko in fitar da siffar gurbin a kwamfuta in kai wa masu injin yanka da waya su fitar mini. Kuɗinta ya kan sa mai aiki ya ɗaga gira, amma bai kai kuɗin macen da na lalata wa Alhaji ba.

Inji ba ya gyara maka kuskure, maimaita shi yake yi

Wannan shi ne darasin da ya sauke mini girman kai. A injin hannu, in wani abu ya karkace hannunka zai ji. Kwamfuta ba ta ji. Ka ba ta kuskure ɗaya, ta yi maka shi sau 13, kowanne daidai da ɗan'uwansa.

Na farko shi ne tsayin wuƙa. Dole tsakiyar bakinta ta kalli tsakiyar shaf ɗin cif. In ta kauce ko da kaurin gashi ne, haƙoran duka za su jingina gefe guda, ɗaya gefen ya yi tsaye ɗaya ya kwanta, ido kuma ba zai gani ba. Yanzu sai na bi jikin mariƙin da agogon awo, na tabbatar yana tafiya daidai da tsawon shaf, sannan na yi gwaji a kan guntun alminiyam kafin in kusanci ƙarfen mai aiki.

Na biyu lissafin zurfi. A yawancin waɗannan injuna, lambar X faɗi take nufi, ba rabin faɗi ba. In kana son wuƙa ta nutse 0.05, sai ka rage X da 0.10. Kowa ya san wannan a sassaƙa ta yau da kullum, amma ranar da hankali ya tafi kan zurfin haƙori, mutum yakan manta. Na taɓa mantawa, na sami haƙora rabin zurfi, na yi ta zargin wuƙa.

Na uku rabon da'ira. Haƙora 9 ba su da matsala, digiri 40 ne cif. Amma 360 in ka raba da 13, lambar ba ta ƙarewa: 27.6923 da 'yan kai. Na taɓa rubuta 27.7 na ce inji ya riƙa ƙarawa a kan na baya. Kafin a zagayo, digiri 0.1 ya taru, wanda a jikin wannan shaf ya kusa milimita 0.02, kuma duk a kan haƙori ɗaya ya sauka. A aikin da duk rangwamen da aka ba ka 'yan ɗigo ne na milimita, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Maganinsa a lissafa kusurwar kowane gurbi daga sifiri, kada a ɗora wani a kan wani.

Na huɗu siririn shaf yana gudun wuƙa. Abin da ya leƙo daga bakin cok, wato mariƙin da ke damƙe ƙarfen, yana lanƙwasa in an tura shi, kuma lanƙwasar ba ta tafiya daidai da tsawo: ka ninka tsawon sau biyu, ta ninku sau takwas. Sakamakon shi ne haƙori mai kauri a bakin shaf, siriri a wajen cok, da wata rawar wuƙa da ke barin zane kamar na wanki a jikin ƙarfe. Duk abin da ya leƙo fiye da kaurinsa sau uku, ina tokare shi da matokarin baya. Kuma ina sassaƙa mazaunin boris da haƙoran a ɗauri ɗaya, ba tare da na kwance ba, don su zama 'yan cibiya ɗaya.

Na biyar mafitar wuƙa. Wuƙar turawa tana bukatar inda za ta faɗa a ƙarshen tafiya, ɓarɓashi ya karye. In ba ka yanka mata ɗan kwari a ƙarshen haƙoran ba, ko ka rubuta mata ta fita a gangare, ɓarɓashin zai taru ta yi karo da shi, bakin ya ɓalle. Kwarin kuma kada ya wuce zurfin haƙori da yawa, kuma gindinsa ya zama mai lanƙwasa, domin kusurwa mai kaifi nan shaf ke fara tsagewa.

Na shida namu ne na gida. Wata rana muna gurbi na takwas aka ɗauke wuta. Kafin a tayar da janareta, yaron da ke koyo a hannuna ya kwance cok ya zaro shaf ɗin don ya duba ko ya lalace. Bai lalace ba, sai da ya zaro shi. Muddin ƙarfe na ɗaure, inji zai koma sifirinsa ya ci gaba daga inda ya tsaya. Da zarar an kwance, gurbi na tara ba zai ƙara sanin inda na takwas yake ba. Laifina ne da ban gaya masa ba. Yanzu doka ce a shagon: in wuta ta ɗauke, hannu a aljihu.

Awo da fil biyu

Kalifa ba ta auna haƙori. Abin da ake bukatar sani shi ne kaurin haƙorin a kan da'irar haɗuwa, wurin da bakin kalifa ba ya zama. Dabarar ita ce a kwantar da fil biyu masu santsi, waɗanda aka san kaurinsu daidai, a gurabe biyu masu fuskantar juna, a ɗora maikiromita a kansu. A ƙa'idar Amurka kaurin fil ɗin namiji shi ne 1.92 a raba da fici, wato inci 0.120 ga fici 16, ko milimita 3.048. A shaf ɗinmu awon kan fil yana faɗawa wajen milimita 25, littafin kuma ya ba da iyakar sama da ta ƙasa gwargwadon ajin da ake so. Da yake 13 mara ce, gurabe biyun ba sa kallon juna sak, don haka lissafinta daban yake da na cika. Wanda ya ɗauki na haƙora 12 ko 14 ya yi amfani da shi zai ɓata aiki yana ganin daidai yake.

 Wajen yanka kuma nakan tsaya da saura, in auna shaf yana ɗaure, in lissafa abin da ya rage, in ci rabinsa, in sake aunawa. Abin da aka cire daga ƙarfe ba ya komawa.

Fil ma ba ya faɗin komai. Yana gaya maka kaurin haƙoran da ya taɓa, amma bai san ko tazarar sauran daidai take ba, ko sun karkace a tsawonsu. Shi ya sa masana'antu ke da zoben gwaji mai cikakkun haƙora, wanda dole ya shige har ƙarshe. In babu zobe, sabuwar mace ce madadinsa, ba tsohuwa ba. Tsohuwar da ta buɗe ko me ka ba ta za ta karɓa, kuma ita ce ta yaudare ni ran farko. Nakan shafa wa haƙoran shuɗin gwaji, in zura, in murɗa da hannu, in zaro. In shuɗin ya goge a tsakiyar gefen kusan kowane haƙori, ya zauna. In a baki kawai ya goge, ko a haƙora uku, shiga kawai ya yi.

Ƙarfe, wuta, da tambayar da ban yi ba

Ko da siffar haƙorana ta yi daidai a karon farko, da ba su daɗe ba, domin ƙarfen da na ɗauka mai laushi ne, irin na ƙofa da taga. Shaf ɗin famfo yana son ƙarfe irin 42CrMo4, wanda Amurkawa ke kira 4140, ko kuma irin 20MnCr5 da ake gasawa a wuta sama da digiri 900 fatarsa ta sha gawayi ta yi tauri, cikinsa ya zauna da danƙo. Amma wuta tana motsa ƙarfe. Shaf ɗin da ya zauna daidai kafin gashi yana iya ƙin shiga bayansa, don haka ana barin masa ɗan rangwame, a sake aunawa in ya dawo. Ni na fi son 42CrMo4 da aka riga aka ba matsakaicin tauri, in yanka shi a haka, in aiki ya bukaci ƙari a kai shi gashin naitirojin, wanda zafinsa bai wuce ɗari biyar da 'yan kai ba kuma ba ya karkatar da ƙarfe sosai. In dole ta sa na yi amfani da tsohon aksil na babbar mota, kamar yadda da yawanmu ke yi, ina gaya wa mai aiki cewa ban san asalin ƙarfen ba, ya shiga da saninsa.

Sai tambayar da Baba ya rufe da ita, wadda ta kamata in fara da ita: me ya kashe na asalin? Ya sa farce ya kankaro wani jan gari daga gindin haƙoran tsohon shaf ɗin, kamar garin jan kanwa. Wannan gari alama ce ta haƙoran da suka yi ta gugar juna a bushe, ba maiko, galibi kuma don famfon bai zauna daidai da abin da ke juya shi ba. Da na je ƙauyen da shaf na biyun da na sake yanka masa, na tarar da ƙusoshin mazaunin famfon biyu sun saki, famfon yana rawa. Muka daidaita shi, muka ɗaure, muka cika haƙoran da giris mai moli. Da ban je ba, da shaf na biyu ma ya bi na farko, a ce hannuna ne ba kyau.

Ban karɓi ko sisi a kan na biyun ba, kuma ni na sayi macen. Alhaji har yau yana kawo mini aiki, ya kuma turo mini wasu. Matattun shaf biyun suna nan rataye a bango kusa da injin, duk yaron da ya zo koyo da su nake fara masa.

Ɗan'uwa mai wannan sana'a, in aka kawo maka shaf mai haƙora, kada ka yanka rana kafin ka san sunan haƙorin, ka san me ya kashe tsohon, ka kuma tabbata kana da wuƙar da fil ɗin da za su yi aikin. In babu, ka ce babu. Mai kaya zai yafe maka jinkirin mako guda, amma ba zai manta da injin da ka tsayar masa a daji ba.